Kaskon Ruwa Ɗaya Ya Ishi Tsuntsayen Gida A Bazara

Daga wakilinmu na Arewa, Minna

Duk wanda ya taɓa zama a Minna cikin watan Maris ya san abin da ake kira zafin bazara, don kuwa da tsakar rana awon zafi yakan kusa digiri 40. Mutum dai yana da randa da inuwar zaure, dabbar gida kuma tana da mai ba ta ruwa. To, ina labarin tsuntsayen da ke yawo a tsakar gidajenmu, waɗanda ba su da mai su sai Allah?

Unguwar Maitumbi tana gabashin Minna, a kan hanyar da ta nufi Gwada da Kuta har zuwa madatsar ruwa ta Shiroro. Kafin a mai da Minna babban birnin Jihar Neja a 1976, yawancin filayen da ke wajen gari gonaki ne na Gwari, ga itatuwan kaɗanya da ɗorawa, ga ƙoramu. Yanzu gidaje sun cinye gonakin, gatari ya cinye itatuwan, ƙoramu kuwa da rani ya yi nisa sai su ƙafe. Saboda haka tsuntsun da ya saba sha a bakin rafi, tilas ya shigo gida neman abin da ya zuba a gindin famfo ko wurin wanke-wanke, wanda sau da yawa ruwan sabulu ne.

A gidan da nake zaune a wannan unguwa na ajiye wani tsohon kasko a gindin mangwaro, ina cika shi da ruwa kowace safiya, ina kuma watsa ɗan tsaki a gefensa. Kwana uku ba wanda ya kula shi. A rana ta huɗu sai ga kurciya ta sauko, ta dubi gabas ta dubi yamma, ta tsoma baki. A nan na lura da wani abu: kurciya da 'yar'uwarta hasbiya zuƙar ruwa suke yi ba tare da sun ɗaga kai ba, alhali sauran tsuntsaye sai sun ɗiba sun ɗaga baki sama kamar kaza.

Bayan kurciya sai baiwar Allah, ƙaramar tsuntsuwar nan da ba ta cika tsoron mutane ba, wadda namijinta ja ne, macen kuwa ruwan ƙasa. Ita takan yi sheƙa har cikin jinkar ɗaki. Sa'an nan ga gwara, ga kuma kabare mai ruwan ɗorawa da baƙin kai, gwanin saƙa, wanda ba ya zuwa sai da rundunarsa da hayaniyarsu. Sun fi zuwa da sassafe da kuma bayan la'asar. Idan ka ga duk sun watse gaba ɗaya, ɗaga kai, za ka ga shirwa tana shawagi.

Mai karatu zai ce, ai hatsi ya yi tsada, mutum bai ƙoshi ba ina zai ciyar da tsuntsu? Gaskiya ne. Amma a bazara ƙishirwa ta fi yunwa damun tsuntsu, gama yana iya tsintar 'ya'yan ciyawa da ƙwari, ruwan ne ba ya samu. Hatsin ma ba sai an auno daga kasuwa ba, abin da ya zube wajen sussuka da shiƙa da bakace ya isa.

Sai dai akwai ƙa'idodi. Kaskon ya zama mai faɗi marar zurfi, a sa dutse a tsakiya don ƙananan su sami wurin tsayawa. A ajiye shi a inuwa, nesa da inda kyanwa za ta laɓe. A zubar da ruwan a wanke kaskon kullum, domin ƙwan sauro yana iya zama sauro cikin kwana bakwai zuwa goma, kada garin neman lada a jawo wa yara zazzaɓi. Har wa yau kada a haɗa shi da mashayar kaji. Ba mu manta da murar tsuntsaye da ta ɓulla a Jihar Kaduna a watan Fabrairu na 2006 ba, wadda ta jawo wa masu kiwo babbar hasara.

Manomi kuma yana da tasa magana, musamman wanda ya taɓa ganin ɓarnar jan baki a gonakin gero da shinkafa na Barno, Yobe, Jigawa ko Kebbi, inda har da jirgin sama ake yi masa feshi. Amma jan baki garke yake bi a fadamu da dazuzzuka, kaskon tsakar gida ba shi zai tara shi ba. Da yawa daga tsuntsayen gida ma da ƙwari da tsutsa suke ciyar da 'ya'yansu, wato suna rage wa manomi abokan gaba.

Babbar matsala ita ce danƙo. Yaro ya ga tsuntsaye sun taru wuri ɗaya, sai ya ɗauka gara ta samu. Nan aikin iyaye ne. A ba yaron nan aikin cika kasko, a sa shi ya ƙidaya iri nawa suka zo, ya tambayi kakansa sunayensu. A Ingila tun 1979 ake ware lokaci kowace shekara jama'a su ƙirga tsuntsayen lambunsu. Mu kuwa a Nijeriya muna da iri fiye da 900, amma yaranmu na birni da ƙyar su kawo sunan goma.

Wahalar ba ta da tsawo. Cikin watan Afrilu hadari yakan fara haɗuwa a Minna, shamuwa ta dawo, kududdufai su cika, tsuntsaye su rage zuwa. Kafin nan dai, jama'ar Maitumbi, a nemi tsohon kasko a zuba ruwa. Allah Ya ba da lada.