Dalilan 'Yan Wasa da Tambayar "Da A Ce" a Cikin House of the Dragon

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce mu duba abin da ke ingiza 'yan wasa su aikata abin da suka aikata a wasan kwaikwayon talabijin mai suna House of the Dragon, wanda tashar HBO ta Amurka ta fara nunawa a watan Agusta na 2022. An ciro wasan daga littafin George R. R. Martin mai suna Fire & Blood, wanda ya fito a 2018. Jigonsa basasa ce a kan gadon sarautar wata ƙagaggiyar ƙasa, Westeros, tsakanin Gimbiya Rhaenyra da ƙaninta Aegon, waɗanda suke uba ɗaya, uwa kowa da tasa, kuma kowane ɓangare yana da dodanni masu fukafukai da aman wuta. Za mu fi tsayawa a kan zango na farko, mai kashi goma.

Ma'aunin da za mu yi aiki da shi mai sauƙi ne. Sai mu zare wani abu ɗaya daga cikin labarin, mu tambaya: da a ce bai faru ba, da an yi yaƙin? In yaƙin bai gushe ba, to abin nan da muka zare ba shi ne ginshiƙi ba, kome girman da mai tsara wasa ya ba shi.

Tushen rigimar

A shekara ta 101 ta lissafin ƙasar, manyanta suka taru a Harrenhal don zaɓar magajin tsohon Sarki Jaehaerys. A wasan, sun tsallake Rhaenys, 'yar babban ɗansa, suka ɗauki Viserys, ɗan ƙanin ubanta, saboda shi namiji ne. Bayan da Viserys ya hau gado, matarsa Aemma ta rasu wajen haihuwa, jaririn ma bai kwana biyu ba, sai ya naɗa 'yarsa Rhaenyra magajiya, ya sa hakimai suka yi mata mubaya'a. Daga baya ya auri Alicent, 'yar Wazirinsa Otto Hightower, ta haifa masa maza. Ke nan ƙasa ɗaya ta wayi gari da hukunci biyu masu karo da juna: al'adar da ta ba Viserys sarauta ita ce take hana 'yarsa, wasiyyarsa kuwa tana ba ta.

Martin da kansa ya faɗa cewa tarihin Ingila ne ya ba shi wannan tunani. Sarki Henry na ɗaya ya rasa ɗansa a haɗarin jirgin ruwa a 1120, ya sa aka rantse wa 'yarsa Matilda, amma da ya rasu a 1135 sai Stephen, ɗan 'yar'uwarsa, ya haye gadon. Ba a sasanta ba sai 1153.

Maganar gargarar mutuwa

Masu kallo da yawa sun ɗora laifin yaƙin a kan kuskuren ji. A kashi na takwas, Viserys yana gargara, maganin kashe zafi ya gusar masa da hankali, ya ɗauka da Rhaenyra yake magana, ya ambaci mafarkin kakansu Aegon mai cin ƙasa. Alicent kuwa ta fahimci cewa ɗanta Aegon yake nufi. To, da a ce ba ta ji wannan magana ba fa?

A ganinmu, da ba abin da ya sake. Kashi na tara ya nuna cewa Otto da galibin 'yan majalisa sun daɗe da ƙulla shirin naɗa Aegon ba da sanin Alicent ba, har ma Lyman Beesbury, dattijon da ya ƙi yarda, ya rasa ransa a zaman nan a hannun Criston Cole. A littafin ma babu wannan kuskuren ji sam, amma an yi yaƙin. Amfaninsa a wasan ɗaya ne: ya ba Alicent hujjar da za ta gaya wa zuciyarta. Mace ce da ta gina rayuwarta a kan biyayya da sauke nauyi, ba za ta iya kallon kanta a matsayin mai ƙwacen sarauta ba. Haka nan in an ce da Laena Velaryon sarki ya aura, kamar yadda aka ba shi shawara: da ta haifi namiji, da rigimar tana nan, sai dai a wannan karo jiragen yaƙin Corlys, uban Laena, su ne za su tsaya wa yaron.

Tsoro ya fi kwaɗayi

An saba cewa kwaɗayin mulki ne ke jan 'yan wasan nan. Wannan gaskiya ne game da Otto. Shi ne ya fara kawo sunan Rhaenyra a majalisa don ya toshe wa Daemon, ƙanin sarki, hanya. Da ya sami jika namiji sai ya juya wa shawararsa baya. Amma Aegon ba ya son sarautar. Ranar da ubansa ya rasu ɓuya ya yi a cikin gari, sai da aka nemo shi aka kawo shi bisa tilas.

Abin da ya fi tafiyar da Alicent tsoro ne. Ubanta ya cusa mata cewa muddin Rhaenyra ta hau gado, dole ta kawar da 'yan'uwanta maza, domin duk mai ƙin mulkin mace a bayansu zai fake. Ba lalle ne Rhaenyra ta taɓa yin wannan niyya ba, kuma ba a bukatar ta yi. Ya isa kowane ɓangare ya gaskata cewa ɗaya zai iya. Daga nan duk matakin da wannan ya ɗauka don kare kansa, wancan barazana yake gani.

Wannan ne ya sa muke ganin tayin da Rhaenyra ta yi a kashi na shida, na a ɗaura wa ɗanta Jacaerys aure da Helaena 'yar Alicent, shi ne "da a ce" mafi nauyi a wasan, ko da yake an wuce shi cikin 'yan mintoci. Auren zai haɗa jinin gidajen biyu a kan gado ɗaya, ya kuma rage wa Alicent fargaba. Sarki ya yi murna da shi, ita ta ƙi, saboda ta haƙiƙance cewa yaran Rhaenyra na Harwin Strong ne, ba na mijinta Laenor ba. Duk da haka ba za mu ce auren zai kashe wutar ɗungurungum ba, domin Aegon yana nan a matsayin babban ɗa namiji, Otto kuma yana raye.

Inda hali ya yi aiki

Akwai wurare biyu da zaɓin mutum ɗaya ya yi tasiri na gaske. Na farko, ranar naɗin Aegon, Rhaenys ta ɓullo a kan dodonta Meleys, duk abokan hamayya suna gabanta, ta ƙi ƙone su. Da ta yi, da babu sauran mai ja da Rhaenyra a fada, amma da mulkinta ya fara da kisan 'yan'uwa a bainar jama'a, abin da mutanen Westeros suke ɗauka la'ana ce. Dalilin da ta bayar shi ne ba ita ya kamata ta buɗe yaƙin ba.

Na biyu shi ne mutuwar Lucerys, ɗan Rhaenyra, a sararin Storm's End. Aemond ƙanin Aegon yana riƙe da shi a zuci tun ranar da yaron ya tsiyayar masa da ido. A wasan, ya bi shi ne don ya razana shi, sai dodonsa Vhagar ta ƙi jin linzami ta hallaka shi. Kafin wannan, Rhaenyra tana ta jinkiri, tana auna sharuɗɗan sulhun da Otto ya kawo mata, har Daemon yana jin haushinta. Da a ce yaron ya dawo gida lafiya, da wataƙila a ci gaba da aike-aiken manzanni na wani lokaci. Bayan mutuwarsa sai magana ta tashi daga ta gado ta koma ta fansa, kuma a farkon zango na biyu, a 2024, aka kashe Jaehaerys, ƙaramin ɗan Aegon, a kan gadon barcinsa.

Littafin ya kai labarin ƙarshe. An yi yaƙin daga shekara ta 129 zuwa ta 131. Aegon ya ba dodonsa Rhaenyra ya cinye, shi kuma aka sa masa guba. Wanda ya hau gadon ɗan Rhaenyra ne, Aegon na uku, kamar yadda ɗan Matilda, Henry na biyu, ya gaji Stephen a 1154. Aka ɗaura masa aure da Jaehaera, 'yar Aegon na biyu, wato irin auren da Alicent ta ƙi tun farko.