Zaɓen Unguwar Haya ga Ɗalibin Ƙauye a Birnin Kano

Ɗakunan kwanan Jami'ar Bayero (BUK) ba sa ɗaukar duk ɗaliban da take ɗiba, don haka da yawansu sai sun kama haya a unguwannin da ke kewaye da ita. Ɗan birni yana iya kwana gidan iyayensa ya yi sammako. Matsalar tana kan 'ya'yan manoman arewacin jihar, irin na Bichi, Ɗambatta, Makoɗa, Kunci, Tsanyawa da Minjibir, waɗanda gida ya yi musu nisan da ba za a yi jeka-ka-dawo kullum ba. Kuɗin hayarsu daga rumbu yake fitowa. A Kano kuwa kuɗin shekara ake biya gaba ɗaya, sai uba ya fitar da buhunan gero ko gyaɗa ko wake ya kai kasuwa, ko ya sayar da ragon da aka yi wata da watanni ana kiwo. Wanda ya biya da irin wannan kuɗi ba shi da halin yin kuskure ya sake kama wani ɗakin.

Abu na farko shi ne sanin inda za a riƙa ɗaukar darasi. Jami'ar ta samo asali ne a 1960, ta zama Kwalejin Abdullahi Bayero a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, sannan ta tsaya da ƙafarta a 1977, kuma a yau ba a wuri guda take ba. Tsohon mazauninta yana dab da ganuwar birni ta yamma, kusa da Kabuga, Gadon Ƙaya da Janbulo. Sabon yana can kan titin Gwarzo, inda Rijiyar Zaki, Rimin Gata da Ɗanbare suka kewaye shi. Masu karatun likita kuma, idan suka yi nisa, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke titin Zariya suke komawa. Sabon ɗalibi yakan ji an ce ɗaki yana "kusa da BUK" ya biya, sai daga baya ya tarar sashensa yana ɗaya mazaunin.

Daga nan sai lissafin kuɗin mota, wanda a nan ne aka fi yin asara. Tun da gwamnatin jihar ta hana acaɓa ɗaukar fasinja a cikin birni a 2013, adaidaita sahu ce abin hawan talaka, kuma kuɗinta ya yi tashin gwauron zabo bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Ɗaki mai sauƙin kuɗi da sai an hau adaidaita biyu kafin a kai ƙofar makaranta yana iya cinye rarar da aka samu tun zangon karatu bai raba ba. Araha ba ta ado. Daidai shi ne a haɗa kuɗin hayar shekara da na zuwa da dawowa na duk ranakun karatu, a kwatanta jimillar da ta ɗakin da ake takawa a ƙasa. Sau da yawa na kusan ne ke fita da sauƙi, ga shi mai shi ba ya rasa laccar ƙarfe takwas.

Ruwa da wuta su ne na gaba. Yawancin unguwannin titin Gwarzo gonaki ne a da, irin gonakin nan na kewayen Kano da ake nomawa duk shekara ba hutu saboda takin da ake zuba musu. An yanka su fuloti-fuloti, gini ya riga famfo da kwata isowa. Gidan da ke da rijiya ko burtsatse ya fi wanda sai an jira mai kura ya turo jarkoki, domin da zafi ya tsananta a watan Afrilu kuɗin jarka hawa yake. Batun wuta kuwa kada a tambayi dillali, la'adarsa yake nema. Mai shagon cajin waya da ke bakin layi shi ya san awa nawa ake samu da kuma yaushe taransifoma ta lalace. A kuma dubi gindin katangar gidan: idan akwai tabon danshi da ya haura kamu ɗaya, ko siminti yana ɓarewa, to ruwan Agusta yana kwana a wurin, ko da an je dubawa da rani ƙasa ta bushe ƙayau.

Tsaro ba a gane shi da rana tsaka. Ƙwacen waya ya addabi sassan birnin, kuma ɗalibin da ya dawo daga karatun dare shi kaɗai ta lungu mai duhu shi ne abin nema. Ya kamata a koma unguwar bayan sallar isha'i a ga ko akwai mutane a waje, ko 'yan sintiri suna aiki, a kuma je a gaida mai unguwa da limamin masallacin layin. Wannan gaisuwa ba ƙaramin amfani take da shi ba: ranar da rigima ta taso tsakanin ɗan haya da maigida, su ne ke shiga tsakani. Ga ɗiya mace lamarin ya fi nauyi. Iyaye sukan fifita ɗakin kwanan makaranta ko gidan dangi, idan kuma babu, sai gidan da matan aure ke ciki, mai ƙofa ɗaya da ake rufewa da dare. Samari sukan haɗa kuɗi su uku ko huɗu su kama shagon ƙofar gida, galibi 'yan gari ɗaya, abin da ke rage nauyi matuƙar an yi magana tun farko kan girki, baƙi da lokacin kashe fitila.

Hanyar gida ma tana cikin lissafi, ko da yake ba a cika tunawa da ita ba. Ɗan ƙauye da tsabarsa yake karatu: garin tuwo, wake, kuka, daddawa, man gyaɗa. Mutumin Bichi ko Tsanyawa ta titin Katsina yake shigowa, ya ratsa Dawanau, na Ɗambatta kuma ta hanyar Daura. Unguwar da adaidaita ɗaya za ta kawo buhu daga tasha har ƙofar ɗaki ta fi wadda sai an yi ta sauke kaya ana ɗorawa.

Kafin a miƙa kuɗi, a rubuta yarjejeniya gaban shaidu: ranar da haya ta fara, wanda gyaran rufi da yashe masai ke kansa, da yadda ake raba kuɗin wuta. A tabbatar kuma wanda ya karɓi kuɗin shi ne mai gidan ko wakilinsa na gaskiya, ya ba da rasit. A 2022 malaman jami'o'i sun yi yajin aiki na wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ɗalibai suka koma gona, ɗakunansu na kulle haya tana tafiya. Saboda haka yana da kyau takardar ta faɗi abin da za a yi idan aka rufe makaranta, ko maigida zai ɗaga ƙafa, ko zai bari a sa wani a ɗakin kafin a dawo.