Akuyar da ta bai wa duniya rigakafi: me bincike ke cewa kan mutuwar awaki da tumakinmu?

Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin saboda waɗanda data ba ta ishe su sauraro ba, da waɗanda suka fi son karantawa. Ina gaida mutanenmu na Kangire, Birnin Kudu, Gwaram, Sara da ƙauyukan da ke kewaye, musamman iyayenmu mata masu kiwo a cikin gida, da 'yan'uwanmu Fulani da ke rugage.

Yau maganar lafiyar dabbobi za mu yi. Na san wani zai ce, matasan da ke fama da rashin aikin yi, me ya haɗa su da zawon akuya? To ai a yankinmu akuya ita ce asusun ajiya. Kuɗin makaranta, kayan ɗakin yarinya, takin damina, kuɗin asibiti idan ciwo ya taso da tsakar dare, duk a turke ake kwance su. Ran da cuta ta shiga unguwa ta kwashe awaki, jarin mata da matasa ne ya tafi. Kuma kiwo a ƙasar nan gado ne. Duk wanda ya je Dutsen Mesa ko Dutsen Habude a Birnin Kudu zai ga zanen shanu a jikin dutse, wanda mutanen da suka riga mu da ɗaruruwan shekaru suka bari.

Abubuwa biyu zan ɗauka, domin suna cikin manyan masu cinye mana ƙananan dabbobi: cutar da likitoci ke kira PPR, da tsutsar ciki.

Mu fara da PPR. Ko ba ku san sunan ba, kun san cutar. Akuya ta yi zazzaɓi ta daina ci, ido da hanci su cika da majina har su liƙe, baki ya yi gyambo yana wari, sai zawo mai ɗoyi, sai tari da numfashi da ƙyar. Cikin kwana biyar zuwa goma ta faɗi. Kafin ka ankara ta maƙwabci ma ta kama. Idan ta faɗa garken da bai taɓa haɗuwa da ita ba, tana iya kashe tara cikin goma. Ƙwayar bairos ce ke kawo ta, dangin wadda ke kawo wa yara ƙyanda, amma ba ta kama mutum. Ta numfashi da majina da kashi take yaɗuwa, da wurin shan ruwa ɗaya. An fara gano ta a ƙasar Kwaddebuwa a 1942, yanzu ta shiga ƙasashe fiye da 70, har ta ɓulla a Girka da Romaniya a 2024.

Abin da nake so mu riƙe a nan shi ne, wannan cuta ba ta da magani. Allurar nan mai ruwan ɗorawa da ake saye a kasuwa, oksitetrasaikilin, ba ta kashe bairos. Iyakarta ta taimaka wajen ƙwayoyin bakteriya da ke biyo baya su kama huhu. Shi ya sa mutum zai kashe kuɗi a kan allura, dabba ta mutu, ya ce maganin jabu ne. Wani lokaci maganin na gaske ne, cutar ce ba tasa ba.

Amma tana da rigakafi, kuma a nan labarin ya shafe mu kai tsaye. A 1975 an samo ƙwayar cutar daga jikin wata akuya a nan Najeriya. Daga baya Dokta Adama Diallo da abokan aikinsa a Faransa suka yi ta renon wannan ƙwaya a ɗakin gwaji har ta yi laushi, ta daina sa ciwo amma tana koya wa jiki yaƙi. A 1989 suka fitar da sakamakon. Sunan rigakafin har yau Najeriya 75/1, kuma shi ne ake amfani da shi a yawancin ƙasashen Afirka da Gabas ta Tsakiya. Allura ɗaya tana kare dabba aƙalla shekara uku, wato kusan iya zaman da akuya ke yi a gidajenmu. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato, wadda aka kafa tun 1924, tana sarrafa shi a cikin gida.

Da wannan makami ne ƙasashen duniya suka taru a Abijan a watan Afrilun 2015, ƙarƙashin Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya da Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya, suka ɗauki alkawarin kawar da PPR daga doron ƙasa nan da 2030. Kada ku ce mafarki ne. Ku tambayi dattawan Fulani labarin bushiya, cutar da ta karkashe shanu a Arewa a 1983. 'Yar'uwar PPR ce ta jini. Da rigakafi aka bi ta ƙasa ƙasa, har aka sanar a 2011 cewa ta ƙare a duniya baki ɗaya. Yaron da aka haifa yau ba zai taɓa ganin saniya mai bushiya ba.

To idan haka ne, me ya sa awakinmu ke ci gaba da mutuwa? Masu bincike sun nuna dalilai uku.

Na farko zafi. Rigakafin abu ne mai rai, sai an ajiye shi cikin sanyi tun daga Vom har zuwa ƙofar gida. Idan aka haɗa shi da ruwansa kuma, sai a yi amfani da shi cikin sa'o'i kaɗan. Ku duba zafin watan Afrilu a Jigawa, ku duba yanayin wutar lantarki. Kwalbar da ta sha rana ta zama ruwa kawai. Saboda haka babban aikin da ake yi yanzu shi ne samar da nau'in da ke jure zafi na kwanaki ba tare da firji ba. Cibiyar binciken dabbobi ta ILRI da ke Nairobi ta yi wannan aiki tare da ɗakin gwajin dabbobi na ƙasar Mali. Irin wannan dabara ce ta taimaka aka kai rigakafin bushiya lungunan da mota ba ta shiga.

Na biyu, garken awaki ba ya zama wuri ɗaya. Ana haihuwa, ana sayarwa, ana yankawa, ana sayo sababbi. Kafin cutar ta rasa wurin zama sai aƙalla kashi 70 cikin 100 na dabbobin yanki sun samu kariya. Idan aka yi allura bana aka tsallake baɗi, 'ya'yan da aka haifa a tsakani duk a buɗe suke. Haka idan gida uku suka fito da nasu, gida bakwai suka ɓoye.

Na uku kasuwa. Dabba tana iya ɗauke da ƙwayar kwanaki kafin alama ta fito. Ta taso daga Nijar ta sauka Maigatari ran Alhamis, ko ta bi ta Wudil ran Juma'a, ta kwana cikin ɗaruruwan dabbobi, ka sayo ta tana sheƙi ka ɗaure cikin naka. Shawarar likitoci ita ce a ware sabuwar dabba mako uku, da abincinta da ruwanta daban, kafin a haɗa. Masu sayen raguna don kiwon Sallah, wannan taku ce. A Ingila kuma, cibiyar Pirbright ta samar da ɗan abin gwaji mai kama da na zazzaɓin cizon sauro, wanda ake shafo majinar dabba a gane cutar nan take a cikin garke. Suna kuma aiki kan rigakafin da zai sa gwajin jini ya bambanta dabbar da aka yi wa allura da wadda ta kamu, domin a san inda cutar ta rage.

Yanzu mu koma kan tsutsar ciki. Wadda ta fi ɓarna a awaki da tumaki sunanta Hemonkus. Siririya ce kamar zare, tana zama a ɗaki na huɗu na cikin dabba tana shan jini. Mace ɗaya tana zuba ƙwai 5,000 zuwa 10,000 a rana. Ƙwan ya fita cikin kashi, ya ƙyanƙyashe idan akwai danshi, 'ya'yan su hau ɗanyar ciyawa, dabba ta cinye su. Tsutsa 1,000 na iya shan jini kusan mililita 50 kowace rana. Shi ya sa za ka ga tunkiya tana ci amma tana ramewa, cikin idonta ya yi fari, ƙarƙashin haɓa ya kumbura da ruwa. Sau da yawa ma babu zawo.

Wani zai tambaya, da rani ƙasa ta bushe ƙayau, ina tsutsar ke zuwa? Masu bincike a Zariya sun duba wannan tun shekarun 1970. Sun gano cewa idan damina ta zo ƙarshe, 'ya'yan tsutsar da dabba ta haɗiya sai su lafe a jikin bangon ciki su daina girma, su yi ta jira. Da damina ta matso sai su farka. Wato dabbar ce da kanta ke yi musu rumbu. Wannan ya sa lokacin ba da magani yake da muhimmanci, kuma likita ne zai faɗa maka wanda ke kama masu lafewar.

Matsalar da ta fi damun masana a duniya yanzu ita ce tsutsar ta fara gagarar magani. Albendazol, libamisol, aibamektin, duk an samu wuraren da suka daina aiki yadda ya kamata. Yadda abin ke faruwa kuwa mai sauƙin ganewa ne. Idan ka raba ƙwayar magani ɗaya wa awaki uku don tsimi, ko ka kintaci nauyin dabba da ido ka ba ta ƙasa da ƙima, raunanan tsutsotsi za su mutu, masu taurin kai su tsira su hayayyafa. Idan kuma kana ɗura wa duk garke magani kowane wata, masu taurin kan ne kaɗai za su rage a filin kiwo. Ƙari a kan haka, jikin akuya yana narkar da waɗannan magunguna da sauri fiye da na tunkiya, don haka awonsu ba ɗaya ba ne. Kuma albendazol yana iya cutar da ɗan tayi idan aka ba dabba a farkon ciki.

Mafitar da aka samo a Afirka ta Kudu a shekarun 1990 ta dace da mu sosai, don ba ta buƙatar na'ura. Sunanta FAMACHA. Ɗan kati ne mai launi biyar, daga ja sosai zuwa fari fat. Ka ja fatar idon dabba ta ƙasa, ka gwada launin cikin da katin a hasken rana. Mai ja lafiyarta ƙalau, a bar ta. Mai fari-fari ita za a ba magani, cikakken awo. Dalili shi ne, a kowane garke 'yan tsirarun dabbobi ne ke ɗauke da mafi yawan tsutsar. Ka rage kashe kuɗi, kuma ka bar tsutsotsin da magani ke ci su gauraya da masu taurin kai, maganin ya daɗe yana aiki. Idan ana zargin magani ya daina ci, likita zai ƙirga ƙwai a kashin dabba da madubin likita, kafin magani da kuma bayan mako biyu. Idan raguwar ba ta kai kashi 95 cikin 100 ba, akwai alamar matsala. Har rigakafin wannan tsutsa an samar, Barbervax, daga cibiyar Moredun ta Sikotlan, aka fara sayar da shi a Ostireliya a 2014, sai dai yana buƙatar maimaici akai-akai.

Maganin gargajiya fa? Jami'o'inmu sun gwada ɓawon maɗaci da bagaruwa, kuma an ga suna da sinadaran da ke taɓa tsutsa. Iyayenmu ba su yi ƙarya ba. Aikin da ya rage shi ne sanin awo, domin abin da ke kashe tsutsa idan ya yi yawa yana iya taɓa hanta ko ya hana abinci amfani.

To 'yan'uwana matasa, ina namu aikin? Tun 2024 akwai ma'aikatar tarayya ta bunƙasa kiwo, akwai kuma shirin L-PRES da Bankin Duniya ya ware wa dala miliyan 500. Haƙƙinmu ne mu je ofishin lafiyar dabbobi na ƙaramar hukuma mu tambaya cikin ladabi: yaushe za a yi allurar awaki da tumaki a mazaɓarmu, kuma wace cuta za a yi wa? Idan an sa rana, mu bi gida gida tare da mai unguwa mu sanar da iyayenmu mata, domin awakin nasu ne, kuma sau da yawa sanarwar ba ta shiga cikin gida. Mu je ruga mu gaya wa Arɗo. Duk dabbar da ta wuce wata uku a fito da ita. Ranar allura mu duba da idonmu ko kwalbar daga akwatin sanyi ta fito. Idan dabbobi suka fara faɗuwa a unguwa, a kai rahoto ranar, kada a ruga da marasa lafiya kasuwa a sayar wa wani bawan Allah. Dabbar da aka yi wa allurar magani kuma, a tambayi likita kwana nawa za a jira kafin a sha nononta ko a yanka ta, don ragowar maganin cikinmu yake ƙarewa.

Kuma kowane ƙauye ya samu matasa biyu ko uku da za su nemi likitan dabbobi ya koya musu duba ido da auna nauyi. Wannan ilimi ne da zai iya zama sana'a.

A shiri na gaba, in Allah ya kai mu, za mu taɓa kaska da kirci da ciwon hanta da ake ɗauka a fadama. Ku rubuto mana sunan da ake kiran PPR da shi a garinku, da watan da ta fi yi muku ɓarna. Wanda ya karanta, don Allah ya karanta wa mahaifiyarsa. Allah ya tsare mana dukiyarmu, ya sa albarka a turakunmu.