Luis Suarez na Farko: Gwanin da Takwara Ya Rufe wa Suna

In ka tambayi samarin yau ko wane ne Luis Suarez, nan da nan za su ce mutumin Urugwai ne, wanda ya tare ƙwallo da hannu ya hana Ghana wucewa a gasar duniya ta 2010. Alhali kuwa tun ba a haifi wannan ba an yi wani mai sunan a ƙasar Sifen, wanda a ganina ya fi cancanta a san shi.

An haifi Luis Suarez Miramontes a 1935 a birnin La Coruna, bakin teku. Ya fara wasa da Deportivo ta garinsu, a 1954 Barcelona ta ɗauke shi. Ɗan tsakiya ne, watau mai raba ƙwallo. Yakan ɗaga kai ya jefa ta daga nesa ta sauka daidai ƙafar abokinsa, har aka yi masa laƙabi da Mai Zanen Gini. Da shi Barcelona ta ci gasar Sifen a 1959 da 1960. A 1960 ɗin aka ba shi Ballon d'Or, lambar gwanin Turai, ya ɗara shahararren nan Puskas. Ba a sake ba wani namiji haifaffen Sifen wannan lamba ba sai Rodri a 2024, shekara 64 ke nan.

To, me ya sa sunansa bai kai ƙwazonsa ba? Da fari dai, 'yan kallon Barcelona ba su sake da shi ba. Ransu yana ga Kubala, suna ganin kamar wannan yaro ya zo ya ture musu gwani ne, har sukan yi masa ihu a filinsu. Abin mamaki, mutum yana ci muku wasa kuna yi masa ature!

Sai kuma babban dalilin. A 1961 aka sayar da shi ga Inter ta birnin Milan a kan lira miliyan 250, kuɗin da ba a taɓa biya a kan ɗan wasa ba kafin nan. Can ya tarad da tsohon maigidansa, Helenio Herrera, wanda ya mai da shi baya kaɗan ya ɗora dukan shirin wasa a kansa. Suka ci gasar Italiya sau 3, suka ɗauki kofin Turai a 1964 da 1965. Ashe ke nan mafi kyawun shekarunsa a baƙon wuri ya yi su, a zamanin da talabijin bai wadatu ba. Mutanen Italiya suka more shi, na gida kuwa sai labari, ko da yake yana cikin waɗanda suka ci wa Sifen kofin ƙasashen Turai a Madrid a 1964, da suka ka da Tarayyar Sobiyat 2 da 1.

Ya bar wasa a 1973 yana Sampdoria, daga baya ya zama mai horarwa, shi ya kai Sifen gasar duniya ta 1990. A 2015 ya miƙa lambar tasa ga gidan tarihin Barcelona, lokacin takwaransa na Urugwai yana tashe a kulob ɗin. Ya rasu a Milan ran 9 ga Yuli, 2023, yana da shekara 88.