Tsiron Da Ke Ɓuya Cikin Babban Hanji

Ku sani, ya ku masu karatu, babban hanjin ɗan Adam tsawonsa misalin ƙafa 5 ne, sankarar da ke kama shi kuwa galibi daga ɗan tsiro take farawa, ya yi shekaru bai yi zafi ba. Domin haka likitoci suka ƙago bututu mai lanƙwasuwa, da fitila da kyamara a bakinsa, a zura shi ta dubura bayan mutum ya sha maganin wankin ciki. A 1969 likitoci biyu, Wolf da Shinya, a birnin Niyok na Amurka, suka fara tsinke tsiro da zargen waya ta cikin bututun nan, ba tare da an tsaga ciki ba.

Wanda aka taɓa cire wa tsiro, da wanda ya shekara 8 da kumburin hanji mai gyambo, akan yanka musu lokacin komowa a sake dubawa. A nan ne gwanintar likita ke bayyana, gama tsiro mai wuya kamar ɓaure kowa na ganinsa, amma akwai wanda ke kwance daidai da fatar hanji, ko ya ɗan lotsa, alamarsa ɗan ja kurum, ko jijiyoyin jini su ɓace a wurin. Likitocin Japan, musamman Kudo, su suka jawo hankalin duniya ga irin wannan, har a 2002 masana suka taru a Faris suka tsara sunayen siffofinsa. Likita kan fesa ruwan shuni ya kwanta cikin ƙananan ramuka, iyakar abin ta fito sarai. Sa'an nan ba ya gaggawar janyo bututu, ƙa'ida kada ya gaza minti 6 yana dubawa.

Kuma ba kowane kumburi ne sankara ba. Akwai ƙullin kitse, rawaya, in an danna ya lotsa kamar matashin kai. A ƙasashenmu ƙwan tsutsar tsargiya kan haifar da tsiro, tarin fuka kan yi gyambo inda ƙaramin hanji ya sadu da babba, ƙwayar atuni kuma kan tara ƙulli mai kama da sankara. Waɗannan magani ke warkar da su, saboda haka tilas a tsinko ɗan nama da ƙaramin hantsaki, a jefa a ruwan fomalin, a kai wa masu madubin likita su yanke hukunci.

Amma tsinka ma da sharaɗinta. Jijiyar da ta kumbura ba a taɓa ta, don kada jini ya ɓalle. Aljihun hanji da ya juyo ciki yana kama da tsiro, in an zarge shi sai hanji ya huje. Tsiro kwantacce da za a ɗaye ɗungum ba a yawan tsakurarsa, gama tabo kan manne shi da ƙasansa. Wurin da ake shakka kuwa, akan ɗiga tawada kusa da shi domin mai tiyata ya same shi.

Wanda likita ya ce masa ya komo bayan shekara 3, kada jin daɗin jiki ya ruɗe shi ya ƙi, domin tsiron nan ba ya sallama. Allah Ya ba mu lafiya, amin.