Majigi a sansani: me ya sa launi ke canzawa a jikin bango?

Idan dare ya yi, akan haska majigi a sansani domin faɗakarwa kan lafiya da karatun yara. Sau da yawa hoton yakan fito da launin da ba nasa ba. Yawanci ba na'urar ce ta lalace ba, matsalar daga bangon take.

Majigi haske kawai yake turawa, bango ne ke maido da shi zuwa idanunmu. Farin bango yana maido da kowane launi. Bangon jar ƙasa kuwa yana shanye shuɗi da kore, ya maido da ja, shi kuma shuɗin tamfol ja yake shanyewa. Idan yaɓen yana da kaushi, kowane ɗan tudu yakan yi inuwa, sai hoton ya yi dabbare-dabbare.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ma'aunin damtse da ake gano tamowa da shi a jikin yara 'yan wata 6 zuwa 59 yana da launi uku: ja ƙasa da santimita 11.5, rawaya daga 11.5 zuwa 12.5, kore kuma sama da haka. A jikin jan bango, rawaya yakan karkata zuwa ja, kore ya dushe, sai uwa ta koyi darasin a karkace.

Ga yadda masu haskawa za su gyara:

1. A shafa wa bangon farar ƙasa, ko a ɗaura farin yadi marar sheƙi, a ja shi sosai don kada ya tattare.
2. Idan yadin shara-shara ne, a sa baƙin zane a bayansa.
3. A ajiye na'urar daidai gaban bango. Hasken da ya zo ta gefe yana tsawaita inuwar kaushi.
4. A gwada kafin jama'a su taru: a haska farin hoto, a manna farar takarda a jikin bango. Idan launinsu ya bambanta, akwai sauran gyara.
5. Wasu na'urori suna da saitin launin bango. Yana taimakawa, amma rage launin da ya yi yawa kawai yake yi, don haka hoton zai ɗan yi duhu.

Iyaye, kada ku dogara da launin da kuka gani a bango kaɗai. Ku nemi ma'aikatan lafiya su nuna muku ma'aunin a hannu. Idan awon ɗanku ya faɗa a ja ko rawaya, ku kai shi asibitin sansani ba tare da jinkiri ba.