Daga Landan Zuwa Bagadaza Ba Fasfo: Sunayen Unguwannin Gombe

Baƙon da ya sauka a Gombe ya tari mai Keke Napep, idan ya ce a kai shi Landan ba wanda zai yi masa dariya. Abin da za a tambaye shi kawai shi ne, ta wajen ina zai sauka. Haka nan in ya ce Alƙahira, ko Bagadaza, ko Checheniya. Duk waɗannan unguwanni ne a garin Gombe da kewayensa, mutum na iya zaga su tsakanin hantsi da azahar, ba fasfo, ba jirgin sama.

Cikakken sunan Landan ɗin ta Gombe shi ne Landan Mai Ɗorawa, kuma a nan daɗin zancen yake. Wanda ya laƙaba sunan ya ɗauko babban birnin Ingila, wanda a bakin mutanenmu shi ne ƙarshen ci gaba, sa'an nan ya jingina shi da itaciyar da ake samun kalwar daddawa a jikinta. Watau dai an yi alfahari, an kuma yi wa kai ba'a, duk a numfashi guda. Ita Landan ta Turawa tana da kogi da jirgin ƙarƙashin ƙasa, amma ba ta da ɗorawa ko guda. To, a nan Gombawa sun yi mata zarra.

Bagadaza da Alƙahira kuwa sun daɗe a kunnen Bahaushe, tun kafin zuwan Turawa. A Bagadaza ne kabarin Shehu Abdulƙadir Jilani yake, wanda ya rasu cikin 1166, shi ne ake danganta ɗariƙar Ƙadiriyya gare shi, ɗariƙar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Alƙahira ita ce garin Jami'ar Azhar. Mutumin da ya kira sabuwar unguwarsa da ɗayan sunayen nan, albarka yake nema. Checheniya ce dabam. Wannan suna bai shigo ƙasar Hausa ta hanyar littafi ba, ta akwatin rediyo ya shigo, lokacin da Rasha ta yi yaƙi da 'yan Checheniya daga 1994 zuwa 1996, aka kuma sake gwabzawa daga 1999. A shekarun nan kullum sai an ji sunan a labaran duniya na safe da na dare. Su ne kuma shekarun da Gombe ta fara buɗewa ta kowace kusurwa, domin ranar 1 ga Oktoba, 1996, gwamnatin Janar Sani Abacha ta cire Jihar Gombe daga Jihar Bauchi, garin ya zama hedkwata. Ma'aikata suka dawo gida, 'yan kasuwa suka biyo su, gonaki suka zama filaye, filaye suka zama unguwanni, kowace tana bukatar suna.

Kada mai karatu ya zaci mutanenmu kaɗai ke wannan ɗabi'a. A gaɓar teku ta gabashin Ingila, cikin lardin Norfolk, akwai ɗan ƙauye da ake kira Kalifoniya. Cikin 1848 aka tsinci tsofaffin kuɗin zinariya a bakin ruwa wurin, daidai lokacin da duniya ta ɗauki labarin zinariyar da aka gano a Kalifoniya ta Amurka, shi ke nan suna ya bi ƙauye. A lardin Durham kuma, can arewa, akwai wani ƙauyen da sunansa No Place, ma'anarsa “Ba Wuri”. In aka tambayi mutumin can inda ya fito, amsarsa ta gaskiya ita ce daga ba wuri yake. Cikin 1983 hukumar yankin ta so ta canja sunan, mutanen ƙauyen suka ce ba su yarda ba, ala tilas aka rubuta tsohon suna da wanda hukuma ke so a kan allo guda. Mazauna Ikko ma sun san Obalende, wanda a Yarbanci yake nufin sarki ne ya koro mutum zuwa nan.

A koma Gombe. Tsofaffin unguwannin cikin gari su ba su tafi aro ƙasashen waje ba, sunayensu suna faɗin waɗanda suka zauna ne. Bolari tana nuna Bolawa. Herwagana kalmomin Barebari ne, domin “gana” a bakinsu ƙarami ne, “herwa” kuwa alheri, ita ce kalmar da ake danganta Yerwa da ita, watau Maiduguri. Inda duk aka ji Wuro ko Jauro, kamar Wuro Kesa da Jauro Abare, to Fulani ne suka kafa, wuro gari ke nan, jauro kuwa mai gari. Ajiya da Shamaki da Madaki sarautu ne. Tudun Hatsi ba ta bukatar tafinta, nan ne babbar kasuwar hatsi. Akwai kuma unguwar da a takarda ake rubuta ta BCGA, baki kuwa ya mai da ita Bisije. Haruffan sunan kamfanin auduga ne na Turawan Ingila, wanda aka kafa a Manchester cikin 1902, ya zo ya kafa injin gurzar auduga a Gombe cikin shekarun 1950, kafin jirgin ƙasa ya iso garin a 1963. Kamfanin ya tafi, sunan ya zauna.

Wadda ta fi jawo gardama a majalisa ita ce Jekadafari. Kunne na iya yanka sunan iri biyu. Wani ya ji “je ka da fari”, kamar ana aiken mutum da farar riga, ko ana yi masa gargaɗin abin da ƙurar hanya za ta yi wa rigar. Wani kuma ya ji “jakada fari”, ya ce ai zancen Bature ne. Kowanne yana da magoya baya, kuma masu shan shayi ba su cika son a raba gardamar ba.

Shi kansa sunan Gombe ɗauko shi aka yi aka kawo nan. Modibbo Buba Yero, wanda ya karɓi tuta daga Shehu, ya kafa hedkwatarsa a Gombe Abba, bakin kogin Gongola, cikin ƙasar Dukku ta yanzu. Bayan da Turawa suka ci ƙasar, suka kuma yi yaƙin Burmi cikin 1903 inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada, sai suka mai da hedkwatar Nafada a 1913. Ba a daɗe ba, cikin 1919, zamanin Sarki Umaru, aka sake tasowa zuwa wani ƙauye mai suna Doma, don a kusanci ƙasar Tangale da Waja. Aka riƙa cewa Gombe Doma, daga baya Doma ta faɗi, Gombe ta rage.

Sai dai akwai abin da ya kamata 'yan'uwa mazauna Kudu su sani, musamman masu aiko da kuɗi gida a saya musu fili. Gombe tana zaune ne a gindin tudun Akko, ƙasarta kuma rairayi ce. In aka yi ruwa mai ƙarfi, daga yamma yake gangarowa ya ratsa gari ya yi gabas, yana tafe yana yankar ƙasa. Ambaliyar watan Agusta na 2004 ta ci rayuka da gidaje masu yawa. Babban kwarin da ya taso daga wajen Kwalejin Horon Malamai ta Tarayya ya bi ta Landan Mai Ɗorawa da Alƙahira da Arawa da Malam Inna da Kagarawal, ya ci gidaje da gonaki shekara da shekaru. A ƙarshen 2023 Gwamna Muhammadu Inuwa Yahaya ya ƙaddamar da aikin gyaransa, mai tsawon kilomita 21, da taimakon Bankin Duniya. Amma ba shi kaɗai ne kwari a garin ba.

Saboda haka in dillali ya bugo waya Agege ko Sabo ta Ibadan ya ce ga fili a Landan da araha, kada daɗin suna ya sa a yi gaggawar biya. A tura ɗan'uwa ya je da ƙafarsa, in so samu ne da damina, ya duba taku nawa ne tsakanin filin da bakin kwari, ya kuma ga takardun da hukumar filaye ta jiha ta sa wa hannu.